Babi na Takwas: Ƙwai Ya Kama, Saura Awo

Birnin Kebbi mararrabar wuta ce. Babban layin da ya taso daga madatsar Kainji ɗauke da bolt 330,000 a nan yake sauka, a tashar kamfanin TCN, inda ake rage masa ƙarfi zuwa 132,000, a tura reshe guda Sakkwato, wani kuma ya tsallaka iyaka ya bi ta Dosso ya faɗa Yamai. Mutanen Yamai sun san darajar wannan reshe a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta datse shi bayan juyin mulkin da aka yi wa Shugaba Bazoum na Nijar. Ba a jima ba mu ma muka ɗanɗana. A tsakiyar Satumba na 2023 gobara ta tashi a tashar, ta cinye manyan taransifoma biyu, Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara suka shiga duhu.

A tasha irin wannan ba a kunna sabuwar taransifoma bisa zato. Sai an ɗebi man cikinta an gwada, an auna rufin naɗinta, an auna turakun da aka binne a ƙasa, an rubuta kowace lamba an sa hannu. To amma bi layin yana gangarowa: 33,000, sai 11,000, sai taransifomar unguwa ta Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, sai bolt 230 da ke shiga ɗakinka. Duk matakin da wutar ta sauko, awo ma raguwa yake yi. Kafin ta iso wani gida a Badariya ko Gesse, ko wani shago a kasuwar Argungu, kayan gwajin sun koma biyu: testa da ƙwan fitila.

Kowa ya san yadda ake miƙa aiki. Mai wayarin ya danna makunni, ɗaki ya haska, fanka ta juya.

"Alhaji, ga ta nan ta kama."

"Madalla, sannu da aiki. Allah ya yi albarka."

A ba shi cikon kuɗinsa, kowa ya kama gabansa. Abu ɗaya tak ƙwan nan ya shaida: akwai hanya daga laif zuwa nutural. Bai ce uffan ba a kan rufin wayar da ya kwarzane lokacin da ake jan ta cikin fayif, ko noti guda da ba a ɗaure ba a bayan soket, ko wayar ƙasa da ta tsaya a cikin bango ba ta kai ko'ina ba. Lahanin da ke kashe mutum ko ya ƙone shago ba ya hana ƙwai kamawa. Mutanen Birnin Kebbi ba su manta gobarar babbar kasuwa ta watan Maris na 2016 ba, kuma duk inda kasuwa ta ƙone a ƙasar nan, kafin toka ta huce za ka ji ana cewa "wutar lantarki ce", a faɗe shi yadda ake faɗin saukar aradu. Ni kuwa ina ganin mafi yawan abin da waya ke yi mana tana daɗe da sanarwa, ba mu dai da abin saurare a hannu.

Manomin fadama zai fi kowa saurin gane ma'aunan uku da aikin ya dogara a kansu. Ƙarfin da injin ban-ruwa ke tunkuɗa ruwa da shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke bi ta tiyo, shi ne amfiya. Ƙuncin tiyon da ke tauye ruwan, shi ne om. Idan tiyo ya huje ruwa zai tsiyaya inda ba a so, haka wuta ke yi idan rufin waya ya lalace. Bambancin shi ne ɗan abin da ya tsiyaya ya isa kisa. Raba amfiya ɗaya gida dubu, kowane kashi miliamfiya ne. Guda ɗaya za ka ji tsikari. Wajen goma, yatsu kan ƙanƙame wayar su ƙi saki, abin da mutane ke cewa wuta ta riƙe shi. Daga talatin zuwa sama, in ta ratsa ƙirji ta ɗan jima, bugun zuciya na iya hargitsewa. Fis ɗin gida kuwa na amfiya 13 ne ko 30. Waya yake tsaro kada ta yi zafi, ba ruwansa da yaron da ya taɓa firji da jiƙaƙƙen hannu.

Ba na raina testa. Tana da arha, tana shiga aljihu, kuma ta ceci mutane da yawa. Amma da jikin mai riƙe da ita take aiki: ɗan ƙwan da ke cikinta ba ya haske sai wuta kaɗan ta bi ta babban yatsanka ta sauka ƙasa. In kana tsaye a kan busasshen benci da takalmin roba, tana iya yin shiru alhali wayar na da rai. In kana kan tsani da tsakar ranar watan Afrilu, hasken nata ba ya ganuwa. Wani lokacin kuma sai ta haska a kan wayar da ba komai cikinta sai ɗan abin da ta tsotsa daga maƙwabciyarta. Ba ta bambance bolt 150 da 230 ba, ba ta san nutural ya tsinke ba. Ƙa'idar masu sana'ar da suka tsufa da yatsunsu cif ita ce gwaji uku da na'ura mai baki biyu: ka gwada ta inda ka tabbata akwai wuta, ka gwada wayar da za ka taɓa, ka sake komawa wurin farko don ka tabbata ba na'urar ce ta mutu a tsakani ba.

Ƙaramar mitar hannu, mai auna bolt da amfiya da om, ta yi yawa a kasuwa yanzu, kuma alheri ce. Ita ce ke gaya maka cewa abin da unguwa ke kira "lo kuren" bolt nawa ne, kafin injin firiza ya ƙone yana ta nishi. Mitar nan mai baki irin na awartaki kuwa, da ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba, ita ke nuna nauyin da layi ke ɗauke da shi. Masu ƙananan injinan cashe shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, masu aiki da layi uku, suna buƙatarta don ganin ko layi ɗaya ya fi sauran shan wahala, suna kuma buƙatar 'yar na'urar da ke nuna jerin layukan, domin in an sauya biyu a kan turke bayan gyara, injin sai ya juya da baya.

Sai dai mitar hannu da ɗan batir take gwaji, mai bolt tara ko ƙasa da haka, kuma huji a rufin waya ba ya tona kansa gaban bolt tara. Wannan aikin na wata na'ura ce da masu sana'a ke kira Megger, wadda asalinta ke komawa ga wani injiniyan Ingila, Sydney Evershed, a 1889. Ana kashe wuta, a cire ƙwayaye da kayan da ke jone, na'urar ta tura bolt 500 tsakanin waya da waya, da tsakanin waya da ƙasa, ta faɗi yadda rufin ya tsare. Ƙa'idar Ingila ta BS 7671, wadda aikin wayarin ɗinmu ya gada, ta ce kada ya gaza om miliyan ɗaya. Sabon aiki mai kyau kan ba da ɗaruruwan miliyoyi, don haka in sabon gida ya ba da miliyan biyu, ya tsallake a takarda amma akwai magana a wani wuri. A ƙasarmu masu laifin sanannu ne: ɓera a cikin silin, gara, ƙusar kafinta, bangon da ya sha damina, da zafi. Jadawalin da ke faɗin amfiya nawa waya za ta ɗauka an gina shi a kan zafin digiri 30. A digiri 45 wayar roba ta rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za ta iya, kuma duk wanda ya taɓa leƙa tsakanin silin da kwano a bazarar Kebbi ya san 45 ba ita ce iyaka ba.

Akwai wani amfani na ma'aunin ƙananan om da nake fata kowane mai wayarin ya sani kafin ya shiga shagon waya. Jan ƙarfe na gaskiya mai kauri 2.5, in tsawonsa ya cika mita ɗari, om 0.74 ne ko kusa da haka. In ka tabbatar da tsawon, ka ɗora na'ura a bakuna biyu ta haura om ɗaya, ko dai an rage kaurin ko kuwa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Rubutun da ke jikin leda ba zai gaya maka wannan ba.

Inda na fi son a tsaya shi ne ƙasa, domin a nan kwarin Rima ke da nasa hali. Wayar ƙasa, wadda masu sana'a ke kira atin, aikinta ta ba wutar da ta ɓace hanya mai sauƙi, ta yadda ba za ta jira jikin mutum ba. Ƙarshenta turke ne da ake kafawa a ƙasa, kuma kyawun turken ya dogara ga ƙasar da ya samu. Laka mai danshi ta fadama, irin ta gefen Matan Fada ko Dukku, tana karɓar wuta da sauƙi. Hau tudu, inda yashi da marmara suke, labari ya sauya: turke iri ɗaya, tsawo ɗaya, na iya ba da ninkin-ba-ninkin na abin da ya bayar a fadama. Haka kuma turke ɗaya ba ya ba da lamba ɗaya duk shekara. Wanda aka auna a watan Agusta, ƙasa sharkaf, yana iya zama ba shi da wani amfani a watan Afrilu bayan wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa. Saboda haka awon da za a dogara da shi a nan na bazara ne.

Yadda ake awon ba wuya. A kwance turken daga wayar gida, a kafa wani ɗan ƙarfe can nesa, misali mita talatin, a kafa na uku a tsakani, wajen kashi 62 cikin ɗari na tazarar. Na'ura ta tura wuta ta ƙasa ta karanta om. A matsar da na tsakiya gaba kaɗan, baya kaɗan. In lambar ba ta sauya sosai ba, awon ya zauna. Al'adar zuba gawayi da gishiri a ramin turke tana rage lambar da gaske, amma gishiri na cin ƙarfe, ruwan sama kuma na wanke shi, don haka kyawun ranar farko ba ya ɗorewa. Ƙara tsawon turke ya cim ma danshi, ko kafa biyu ko uku da tazara a haɗa su, ya fi. Wanda kuwa ya kwarara bokitin ruwa a gindin turke kafin a auna, iyalin gidan ya cuta.

Ga lissafin da ya kamata ya tayar wa kowa hankali. Mu ɗauka turken gida ya ba da om 50, lambar da da yawa za su yi murna da ita. Laif ya taɓa jikin injin famfon rijiyar burtsatse. Bolt 230 a raba da 50, amfiya huɗu da ɗoriya ke nan. Fis mai amfiya 30 ba zai ko motsa ba, injin zai zauna da wuta a jikinsa har sai wani ya zo ɗibar ruwa. Abin da ke rufe wannan giɓi shi ne makunnin tsaro da ake kira RCD, wanda ke kwatanta wutar da ta fita ta laif da wadda ta dawo ta nutural. In miliamfiya 30 ta ɓata a hanya, ya datse. Yana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinsa, amma maɓallin bai nuna komai ba illa cewa ƙarafunan ciki na motsi. Na'urar gwaji ce ke sakin wuta daidai gwargwado ta ƙirga lokaci: a miliamfiya 30 ya faɗi cikin kashi uku cikin goma na daƙiƙa, a ninki biyar kuma cikin kashi huɗu cikin ɗari. Kuma gidajenmu ba tushen wuta ɗaya gare su ba. Akwai wutar kamfani da ake kira NEPA, akwai janareto, akwai inbata da sola, cenja-oba na jujjuya su. Ƙananan janareto da inbata da yawa ba a ɗaure nutural ɗinsu da ƙasa ba, don haka makunnin da ya faɗi lafiya a kan wutar kamfani yana iya ƙin faɗuwa a kan janareto ko inbata. Kowane tushe da nasa gwajin.

Abin da ya fi ciwo shi ne makomar makunnin nan a gidaje da yawa. Yana faɗuwa, maigida ya ce yana damunsa, a kira yaro ya tsallake shi da guntuwar waya. Faɗuwar tasa shaida ce cewa wuta na tsiyaya a wani wuri, Megger za ta nuna layin cikin ɗan lokaci.

Duk wannan tsohuwar magana ce. Abin da ya sa ta zama ta gaggawa shi ne sabon kayan da ke tafe, kuma Birnin Kebbi na da hannu a tarihinsa. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, a kwalejin fasaha ta garin nan, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, ya karanta zanen gine-gine a ƙarshen shekarun 1980, kafin ya tafi Ditiroit a Amurka ya shiga General Motors, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Da ya dawo ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci daga 2017, a hannunsa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a watan Afrilu na 2021, wasu suka biyo baya a jami'o'in Legas da Nsukka. Sannan aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023, lissafin kowane ɗan kabu-kabu da mai Keke Napep ya sauya. A Maiduguri tuni motoci masu batir suka shiga haya.

Cajar mota ba ta yi kama da komai da gidajenmu suka saba ɗauka ba. Ta gida mai layi ɗaya tana jan amfiya 32, wato kilowat 7.4, abin da na'urorin sanyaya ɗaki biyar ko shida za su ja tare. Kuma ba ta hutawa. Dutsen guga na kunna kansa ya kashe, hita na tafasa ruwa a cire ta, amma batirin Hyundai Kona, irin wadda aka harhaɗa a Legas, mai cin kilowat-awa 64, zai sha awa tara zuwa goma yana ja ba sassauci, galibi da dare, mutane na barci. Duk haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, duk wayar da ba ta cika kauri ba, a nan asirinsu zai tonu.

Ita cajar kanta ba soket ba ce da ke zaune da wuta a baki. Kan da aka fi sani da Type 2 yana da ƙofofi bakwai, ɗaya daga cikin ƙananan biyun ta zance ce tsakanin caja da mota. Bolt 12 a kanta na nufin ba a jona komai ba. Ya sauka tara, an jona mota. Ya sauka shida, mota ta ce a saki wuta. Ta wannan waya ce kuma caja ke gaya wa mota iyakar amfiyar da za ta ja. Don haka ba yadda za a yi ka zura testa ko mitar hannu ka ce ka gwada. Akwai na'ura ta musamman da ke shiga a matsayin mota, ta bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ƙirƙiri lahani da gangan: ta tsinke wayar ƙasa, a ga ko caja za ta datse nan take. Akwai kuma wani haɗari na daban. Batir wutarsa miƙaƙƙiya ce, irin ta sola, ba mai kai-da-komo ba irin ta layi. In ta tsiyayo baya ta wuce miliamfiya shida, tana iya dakusar da makunnin tsaro na gama-gari har ya kasa ganin lahanin da aka sa shi dominsa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce ko a sa nau'in B, ko cajar ta zo da abin gano wannan shida ɗin a cikinta, kuma a gwada shi da na'urar da ta iya. Motocin da ake shigo da su daga Sin da yawa nasu kan daban ne, GB/T, kayan gwajin ma sai an dace da su.

Caja mai kyau tana duba wayar ƙasa kafin ta fara, in ba ta gamsu ba ta ƙi. Ina jin tsoron abin da zai faru a gidan tudu cikin bazara, ko a kan janareto, ranar da ta ƙi: wani zai zo ya ɗaure nutural da wayar ƙasa a bayan soket don ya rufe mata baki. Za ta yi aiki kuwa. Ranar da nutural ya tsinke a kan turke, abin da ba baƙo ba ne a layukanmu, jikin motar gaba ɗaya zai ɗauki wuta, tana tsaye a kan tayoyin roba a tsakar gida, tana jiran hannun da zai buɗe ƙofa.

Kuma ba manyan motoci ne za su fara cika garuruwan nan ba. Babura ne da kekuna masu batir, waɗanda za a jona a zaure ko a shagon mai cajin waya, biyar ko shida a kan soket mai amfiya 13 da doguwar waya. Wannan ma wurin caji ne, ko da ba allo a ƙofarsa. Mafi ƙarancin abin da ya cancanta shi ne layinsa na kansa daga akwatin wuta, da makunnin tsaro da aka ƙirga lokacinsa, da turken da aka auna, sannan bayan awa guda ana caji a maƙala mita a ga amfiya, a haska ma'aunin zafi a kan kowane haɗi.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA, wadda aka ɗora wa duba aikin wuta da gwada shi da ba masu sana'ar shaidar ƙwarewa. Sai dai sufeto ba zai leƙa kowane shago daga Ambursa zuwa Argungu ba, kuma na'ura guda mai haɗa duk gwaje-gwajen nan ta fi ƙarfin aljihun mai wayarin ɗaya. Ba ta fi ƙarfin ƙungiyarsu ba. Saiti ɗaya a Birnin Kebbi, ɗaya a Argungu, a riƙa aro ana biyan ɗan abu, a kai su a daidaita sau ɗaya a shekara, sashen lantarki na kwalejin Waziri Umaru ya koyar da sarrafa su ga manyan masu sana'ar da yaransu, har da waɗanda ba su yi boko ba, da Hausa. Mai gida kuma ya riƙe cikon kuɗin aiki har sai an miƙa masa takarda mai ɗauke da awon rufin kowane layi, da om na turke, da lokacin faɗuwar makunni a kan NEPA da kan janareto, da sunan wanda ya auna da ranar da ya auna. In ranar ta faɗo cikin damina, a rubuta a ƙasan takardar cewa za a dawo a sake auna turken a watan Afrilu.